Kashin jirgin Springfield: me ya sa ake ta yabonsa, kuma me mai zanen katun zai ɗauka a ciki?

Ɗan Mabera:

Assalamu alaikum. Muna da 'yar ƙungiyar masu zanen katun a nan Sakkwato, muna shirin fitar da labarin barkwanci da Hausa, kamar na minti goma. Duk wanda ya san The Simpsons, shirin katun na Amurka kan iyalin Simpson na garin Springfield, sai ya ce mu nazarci kashin nan mai suna "Marge vs. the Monorail". Mun kalla mun sha dariya, amma ba mu gano sirrin ba. Me aka yi a cikinsa da ya bambanta shi da sauran? Ta yaya ake haɗa kashi irin wannan tun daga rubutu har ya fito? Sannan wasu cikinmu na cewa mu fara da fassara shi zuwa Hausa mu ɗora a YouTube don mu samu hannu. Malamai, a taimaka.

Malam na Runjin Sambo:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Kashin shi ne na 12 a zango na 4, tashar Fox ta nuna shi ranar 14 ga Janairu, 1993. Conan O'Brien ne ya rubuta, Rich Moore ya ba da umarni, Al Jean da Mike Reiss ke jan ragamar shirin a wannan zangon. Muryar ɗan damfarar, Lyle Lanley, ta Phil Hartman ce, wanda ya rasu a 1998.

Ku sake kallonsa da biro da takarda. Duk fagen da ya wuce, ku rubuta abin da ya jawo shi. Za ku ga babu fagen da ya faɗo daga sama. An kama Mista Burns, attajirin da ke da tashar nukiliyar garin, yana ɓoye gangunan dattin nukiliya a wurin shaƙatawar gari, kotu ta ci shi tarar dala miliyan 3, ya sa aka zaro kuɗin daga aljihunsa nan take, har ya haɗa da sayen mutum-mutumin kotun. Kuɗi sun shigo, dole a kira taron gari. A taron Marge, uwar gidan Simpson, ta ce a gyara babban titi da ramuka suka cinye, aka kuma nuna mana wanda ke lalata titin: mijinta Homer, ya ɗaura wa tayoyi sarƙa, ya ɗora fiyano a kan rufin mota. Jama'a sun kusa amincewa da ita sai Lanley ya yi magana daga bayan ɗaki. Ku lura da wannan sosai. Sai da aka ajiye shawarar gaskiya a gaban kowa, mai sauƙi, maras armashi, sannan aka shigo da ɗan damfara. In babu shawarar Marge, mutanen garin sun zama waɗanda aka cuta kawai, abin tausayi. Da yake akwai ta, sun zama waɗanda suka ga hanya suka kauce da ƙafarsu, kuma a nan dariyar take.

Damfarar kanta matakai ce, kowanne da wanda aka nufa da shi. Da farko Lanley ya yi kamar zai fice, ya ce abin da ya kawo ya fi dacewa da Shelbyville, garin da mutanen Springfield ba sa son a ce ya fi su. Magajin gari Quimby da kansa ya tare shi. Daga nan ya ce ya sayar da irin jirgin nan mai gudu a kan dogo ɗaya wa garuruwa uku, Brockway da Ogdenville da North Haverbrook, ya buɗe taswirar da aka rubuta sunayen da hannu. Sai waƙa. A cikin waƙar mutane suna yin tambayoyi masu ma'ana, ko jirgin zai yi ƙara, ko dogon zai lanƙwashe, shi kuma yana amsa wa kowa da baitin da ya hau kari amma babu hujja a ciki. Kafin a ankara ɗakin gaba ɗaya ya zama 'yan amshi. An ari wannan salon ne daga wasan waƙe na Amurka mai suna The Music Man na 1957, inda wani baƙo ke yaudarar ƙaramin gari. Saura mutum biyu da ba su faɗa ba. Lisa, 'yar Marge, ta tambaye shi a makaranta me ƙaramin gari zai yi da irin wannan jirgi, ya yabi kaifin basirarta har ta manta ba a ba ta amsa ba. Marge kuwa sai aka biyo mata ta cikin gida: ya buɗe makarantar koyon tuƙin jirgi ta bogi, ya nuna Homer da yatsa ba tare da ya duba ba, ya ce shi ne direba. Yanzu in jirgin ya kife, mijinta da ɗanta Bart ne a ciki.

Abu na biyu da za ku kwaikwaya shi ne shuka da girbi. North Haverbrook da aka ambata cikin wasa a farko, an girbe shi sau biyu. Marge ta je can ta tarar da kufai, ta haɗu da Sebastian Cobb wanda ya gina masu nasu jirgin, ya gaya mata yadda Lanley ya ci kuɗin wayoyi da birki. Daga baya jirgin saman da Lanley ya hau zai gudu Tahiti ya ɗan yada zango a garin, mutanen suna jiransa. Haka ma lalacewar jirgin Springfield. An riga an nuna mana akwatin da ya kamata a ajiye tukunyar kashe gobara wasu dabbobi sun yi sheƙa a ciki, don haka da birki ya tsinke ba wanda ya ce an yi masa ba-zata.

Kashi ɗaya bisa uku na ƙarshe darasi ne a kan toshe ƙofofi. Jirgi na gudu ba birki. A yanke wuta? Da hasken rana yake aiki. Husufi ya kama rana ya tsaya, rana ta fito ya ci gaba. Hukuma fa? Quimby da shugaban 'yan sanda Wiggum suna can suna musun wa ke da iko. Da kowace ƙofa ta rufe sai Cobb ya ce a nemo anga, irin ƙarfen da ake jefawa a tsayar da jirgin ruwa. Homer ya ɓanɓare katon harafin M na jikin jirgin, ya ɗaura igiya ya wurga, ya je ya maƙale a katon donat ɗin talla. Abin da Homer ya fi so a duniya shi ya cece shi. Mafitar wauta ce, amma wautar da ta dace da mai ita.

Ku gwada naku labarin da wannan ma'auni: ku cire fage ɗaya, in labarin bai karye ba, fagen nan nauyi ne kawai, komai daɗinsa.

Hajiyar Arkilla:

Malam ya gama da labari, ni bari in taɓa aikin hannu, don a nan ƙananan ƙungiyoyi ke zubewa.

A wancan zamanin kashi ɗaya na minti 22 yana cin wata shida zuwa tara. Marubuci ya kawo daftari, sauran marubuta su zauna su yi masa fiɗa layi-layi. 'Yan wasa su karanta a teburi ɗaya a ji inda aka yi dariya da inda ɗaki ya yi tsit. A gyara, a ɗauki murya. Sai bayan an samu murya ake zanen allon labari, a jera zanukan a kan muryar a kalla kamar fim maras motsi, shi ake kira animatik. A sake gyara. Kamfanin Film Roman, wanda ya karɓi aikin daga Klasky Csupo a zango na 4 ɗin nan, shi ke tsara fage da lokacin kowane motsi, sannan a aika Koriya ta Kudu, kamfanoni irin su AKOM su cike zanukan tsakani su yi fenti da hannu a kan leda mai garai-garai. Fentin kwamfuta bai zama ƙa'idar shirin ba sai zango na 14. In aiki ya dawo, Alf Clausen ya ɗora kiɗa.

Tsarin da za ku riƙe kenan: murya kafin zane. Wanda ya fara zane sannan ya ce ɗan wasa ya bi bakin hoto, zai samu magana a sandare, kuma barkwanci a kan lokaci yake rayuwa. Jinkirin rabin daƙiƙa kafin amsa yana iya zama shi ne abin dariyar gaba ɗaya.

Ga lissafi. Minti 10 daƙiƙa 600 ne. A hoto 24 kowace daƙiƙa, hotuna 14,400 kenan. Galibin katun na talabijin suna barin zane ɗaya ya zauna hoto biyu, ya koma zane 7,200. Ko wannan ya fi ƙarfin mutum huɗu ko biyar. Mafita ita ce a raba jiki hawa-hawa: gangar jiki ta tsaya cik, kai da hannu da ido da baki kowanne a nasa hawan, abin da ya motsa kaɗai ake sake zanawa. OpenToonz da Krita da Blender duk kyauta ne kuma suna yin wannan. Moho da Toon Boom Harmony na kuɗi ne. Ku taƙaita wuraren labarin zuwa huɗu ko biyar, kowanne a zana shi ta kusurwa uku, nesa da tsakiya da kusa. Fagen taron jama'a irin na waƙar Lanley shi ya fi kowanne cin aiki. In dole sai kun yi, ku zana jama'ar a hawa ɗaya da zane uku masu maimaita kansu, ku bar cikakken motsi ga mai magana kaɗai.

Tsawon rubutu kada ku auna shi da shafi. Ku karanta da ƙarfi da agogo a hannu, ku bar kamar minti ɗaya da rabi cikin goman nan ga motsin da babu magana.

Batun ɗaukar murya a garin nan, fanka da janareta da kabu-kabu su ne abokan gaba. A kashe fanka ko da zafin bazara ne, a yi aiki minti goma-goma ana hutawa. Bayan sallar asuba kafin titi ya tashi, ko can dare, ya fi. A jingina katifu a bango, a rataye barguna, a shimfiɗa darduma in ƙasan tayil ce. Baki ya yi nisan santimita 15 zuwa 20 daga makirfo, a ɗan karkace, don kada iskar "b" da "f" ta buge shi. A saita 48 kHz, ƙololuwar sauti ta tsaya tsakanin -12 da -6 dB. In ta taɓa sifili muryar ta fashe, ba manhajar da za ta ɗinke ta. Kowane ɗan wasa a nasa layin. Ku ɗauki daƙiƙa 30 na shirun ɗakin, da shi za ku cike giɓi, da shi kuma Audacity, manhajar gyaran sauti, zai gane hayaniyar da zai rage. Kada ku matsa ragewar, in ta yi yawa murya takan koma kamar daga cikin ruwa. Kuma kada wani ya turo layinsa ta saƙon murya na WhatsApp, an riga an matse shi. Ya turo fayil ɗin WAV a matsayin takarda.

Kuskuren da ke ɓata aiki a ranar ƙarshe shi ne wani ya zana a 24, mai haɗawa ya buɗe aikinsa a 25. Hotuna 14,400 a 25 suna ƙarewa a daƙiƙa 576, wato hoto ya riga murya da daƙiƙa 24 a ƙarshen fim. A farko ba a gani, sai an yi nisa baki ya fara gudu ya bar magana. Ku rubuta lamba ɗaya ku manna a bango tun ranar farko.

Siffofin baki shida zuwa tara sun isa. Rhubarb Lip Sync, manhajar daidaita motsin baki da murya, kyauta ne, yana sauraron murya ya jera siffofin, amma ku zaɓi tsarinsa na bin sauti zalla, don ɗayan Turanci kaɗai yake ganewa. Abu biyu za ku gyara da hannu. Duk inda "b" ko "ɓ" ko "m" suka faɗo, leɓe ya rufe ruf aƙalla hoto biyu, nan ne ido ke kama ƙarya. Sannan siffar nan ta haƙoran sama a kan leɓen ƙasa da ake yi wa "f" ta Turanci, ku jefar da ita. Bahaushe da leɓe biyu yake yin tasa, Basakkwace mai cewa "hwara" da "hwaɗi" kuwa bakinsa zagaye yake yi. In kun bar waccan siffar, ɗan katun ɗinku zai yi kama da baƙon da ya koyi Hausa a aji.

Baba na Rijiyar Ɗorawa:

Ɗiyana, batun hwassara, ku bar ta. Shirin ga na Disney na tun da sunka sayi 21st Century Fox cikin 2019, kuma YouTube na da na'urar da ka gane hoton mai shi ko an canza murya. Ku yi wahalar wata biyu a toshe shi rana guda, in an yi rashin sa'a tashar taku ta samu gargaɗi. In don koyo na, ku hwassara hwage guda ku kalla cikin ɗaki, ya isa.

Kuma an taɓa gwada irin wanga aiki da kuɗi masu yawa. Cikin azumin 2005 tashar MBC ta hito da shi da Larabci da sunan Al Shamshoon. Homer ya koma Omar, Bart ya koma Badr, giya ta koma lemu, anka ɗebe mashayar Moe. Bai karɓu ba, anka tsai da shi. Dalili a hili yake: rabin halin Homer na cikin abubuwan da anka ɗebe, in an bar su kau ba su shiga gidajen da anka nuhwa. Ku ma nan za ku tsaya. Ga waƙar Lanley, wadda dut ƙarhinta na ga amsa-amon Turanci da saurin baki. Sai dai a rubuta sabuwa, to in za ku rubuta sabuwar waƙa mi zai hana ku rubuta sabon labari?

Ban kuma yarda da Malam ba cewa dut abin da ke cikin kashin abin koyi na. Zangunan hwarko na shirin labarin iyali na, albashi bai isa, yaro ya hwaɗi jarrabawa, miji da mata sun saɓa. Wanga kashi shi yab buɗe ƙohwar abin da hankali bai ɗauka. Leonard Nimoy, ɗan wasan shirin Star Trek, wanda anka gayyato cikin kashin bayan abokin wasanai George Takei ya ƙi, a ƙarshe ɓacewa ya yi cikin haske gaban mutane. Yeardley Smith mai muryar Lisa ta taɓa hwaɗin cewa tana ganin kashin cikin mahi muni da sunka yi. Su sun tsira don sun yi shekara uku suna gina mutanen ga, kowa ya san wa a Homer, wa a Marge. Ku da ba a san 'yan katun ɗinku ba, in kunka hwara da husuhi da mutum mai ɓacewa, mai kallo bai da inda zai dahwa.

Abin da za ku ɗauka shi na dabarar Shelbyville. Muna da ita tun kakanni, wasan da ke tsakanin Gobirawa da Yarabawa ko Kanawa da Zage-zagi. A ce ma mutanen unguwa maƙwabtansu sun riga su, a ga yadda hankali ka barin jiki. Ku samo kuɗin da sunka hwaɗo ma jama'a, ku samo dattijuwa mai cewa a yashe kwata kahin damina, ku samo mai zaƙin baki. Gari da unguwa da mutane dut ku ƙirƙiro naku, kada ku kama sunan kowa.

Malam na Runjin Sambo:

Baba, na karɓi maganar Nimoy, shi kam ado ne, in an cire shi labarin na nan. Amma ko a tsakiyar haukan, abin da ya sa Marge ta tuƙa mota har North Haverbrook tsoron rasa miji da ɗa ne, kuma Bart da ke raina ubansa kullum a nan ya fara alfahari da shi saboda hular direba. Iyalin ba su ɓace ba, an dai rage masu fili.

Gawon Nama 4:3:

Ƙarin bayani ga mai son nazari. An zana kashin a tsohon allo mai awon 4:3, shirin bai koma faffaɗan allo ba sai Fabrairun 2009. Da Disney+, dandalin kallon fina-finan Disney ta intanet, ta buɗe a Nuwamban 2019 sai ta datse sama da ƙasan tsofaffin zangunan don su cika allo, wasu abubuwan dariyar suka tafi da datsewar. Wanda aka fi sani yana cikin wannan zangon na 4, a kamfanin giyar Duff, inda bututu ɗaya ke cika tankuna uku masu suna daban-daban, aka yanke bututun. A Mayun 2020 suka mayar da zaɓin asalin awon. In kwafin da ke hannunka ya cika allon waya ba baƙin gefe, ko mutanen sun yi ƙiba a kwance, ba shi ne asali ba, kuma ba za ka koyi tsara fage daidai da shi ba.

Ku ma ku yanke shawara tun yanzu. Wanda ya zana a 16:9 sannan ya datse don TikTok zai rasa kusan kashi biyu bisa uku na faɗin hoton. In kuna son duka biyu, abin dariyar ya zauna a tsakiyar allo.

Ɗan Mabera:

Allah ya saka da alheri, Malam, Baba, Hajiya. Mun ajiye batun fassara. Tambaya ɗaya ta rage: 'yan katun nawa ya kamata mu fara da su, kuma waƙar dole ce?

Hajiyar Arkilla:

Manya huɗu sun isa, ƙanena: mai damfara, mai faɗin gaskiya, wawan da za a ba muƙami, da shugaban da ke son a yabe shi. Sauran jama'a mutum biyu za su iya yi masu murya, kamar yadda Hank Azaria da Harry Shearer ke ɗauke da rabin garin Springfield. Kowane ɗayan huɗun ku cika shi da baƙi ƙirin ku nuna wa wanda bai san su ba. In bai bambance su ta inuwa kaɗai ba, ku canza hula ko tsawo ko faɗin kafaɗa. Matt Groening, wanda ya ƙirƙiro shirin, da wannan ya yi aiki, shi ya sa gashin Marge da kan Bart ba sa ɓata. Yatsu huɗu maimakon biyar ma suna rage aiki a kowane zanen hannu.

Waƙa ba dole ba ce, amma ga damfara tana aiki, don ita ke nuna lokacin da mutane suka daina tunani suka koma amshi. Kada ta wuce daƙiƙa 60 zuwa 90. Ku ɗauki kalangu ko ganga shi kaɗai tukuna, mai waƙa ya sa abin kunne ya bi, 'yan amshi su zo a ƙarshe a layi na uku. Ku ƙirga bugun a kan hotuna kafin a zana komai: in kiɗan na bugu 120 a minti, a hoto 24 kowane bugu hoto 12 ne cif, sai kai da kafaɗa su riƙa sauka a kan wannan lambar.